Ranar da Baba Ya Riƙe Makullin Fiyano

Ko na tsufa na manta komai, ba zan manta ranar da wayar fiyano ta tsinke a tsakar gidanmu na unguwar New Bell a Douala ba.

Yayana gyaran fiyano ya koya a wurin wani tsoho a Bonabéri. Baba kuwa mahauci ne, ya so ɗansa ya gaje shi, don haka ya daɗe ba ya amsa masa ko gaisuwa. A wannan hali aka kawo wa Yaya tsohon fiyanon wata makaranta, danshin Douala ya sa wayoyinsa duk sun yi tsatsa. Ni ya kira in riƙa karɓar waɗanda ya cire.

Ya gargaɗe ni cewa wayoyin a ɗaure suke tamau. Sai an bi su duka ana sassautawa kaɗan-kaɗan, in aka saki gefe ɗaya aka bar ɗaya, ƙarfen cikin zai iya tsagewa.

Mun kai rabi sai na ji tas! Yaya ya dafe fuska, jini na bin yatsunsa. Na kurma ihu. Baba ya fito a guje ba ko takalmi, ya janye hannun Yaya da ƙarfi. Wayar ta yanki girarsa, saura ƙiris ta sami ido.

"Je ki tare bensikin, asibiti za mu," in ji Baba, yana nufin ɗan acaba.

"Baba, in na bar shi haka zai fashe. Amana aka ba ni," in ji Yaya.

Ƙarfen ya yi wata ƙara. Na ɗauka Baba zai ce kayan kiɗan ya tarwatse mana. Sai ya ɗaure wa Yaya goshi da rawaninsa, ya ɗauki makullin murɗa wayoyin.

"Ina zan murɗa?"

"Hagu, Baba. Doucement, a hankali... ya isa. Ta gaba."

Haka suka yi ta yi, ɗa na ba da umarni da ido ɗaya, uba na bi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Duk wayar da ta yi ƙara sai in runtse ido. Da ta ƙarshe ta saki, Baba ya ajiye makullin ya ce, "Ashe aikin nan ma na maza ne. Tashi mu je."

A asibiti shi ya riƙe masa kai har aka gama ɗinki.

Tun daga ranar na gane fushin uba ba ƙiyayya ba ne. In ɗansa ya zubar da jini, shi ne zai fara isowa.