Binciken asalin kwikwiyon Zara

Jama'a, wayar da na samu da safen nan ta sa na wuce tashata a cikin tiram, jirgin cikin gari, sai a Bron na farga!

Wata mai kiwon karnuka ta bayan garinmu Lyon ce ta kira. An yi wa uwar kwikwiyoyin da uban hoton zuciya, duka lafiya lau, kakannin ma an saurari ƙirjinsu ba a ji komai ba. Kwikwiyo ɗaya na ɗiyata Zara ne.

Masu fatawa ku ɗan dakata, na riga ku zuwa wajen malamai. Zara tana da otizim, ba ta cika magana da mutane ba, likitarta ce ta ba da shawarar ƙaramin kare. Ita kuma ta kafe sai sifaniyel, irin mai dogayen kunnuwan nan da ake kira kabaliye. Matsalar Zara ɗaya: in ta saba da abu ya ɓace, har abinci take dainawa.

Yau wanda nake son ku sani shi ne marigayi Malam Isufu, likitan dabbobi, mutumin Damagaram da ke zaune a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris. Ya rasu cikin azumin bana.

Shi ya tarbe ni a Paris ina sabon ɗalibi. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko, hannunta har gwiwata.

Bara na samu wani kwikwiyo a intanet, na roƙe shi ya zo ya raka ni. Ya hau jirgin ƙasa ya zo. Ni kuma, ɗan mai sayar da raguna a Maradi, na duƙa na buɗe bakin kwikwiyo na duba haƙora, na matsa gadon baya, na ɗaga shi in ji nauyi. Na ce wannan ya yi.

Malam ya yi dariya har da tari.

"Laminu, layya za ka yi da shi? Wanga ba rago ba ne, suruki ne. Asali ake bincike."

Ya yi min bayani cewa irin waɗannan karnukan suna gadon ciwon zuciya, wata ƴar ƙofa a cikinta ke lalacewa, kuma a jikin kwikwiyo ba ka ganin komai. Sai ka tambayi uwa da uba da kakanni, kamar za ka ba da ɗiya. Ya sa abin saurarensa a ƙirjin uwar, ya daɗe, ya tambayi mai karen ina sakamakon gwaji. Mutumin ya fara kame-kame. Malam ya ja hannuna muka fito.

Wallahi na ji haushinsa a ranar, don na riga na nuna wa Zara hoto.

Shi ya nemo wannan matar da ta kira yau. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta neme ni ba sai an sabunta gwajin iyayen.

Ganinmu na ƙarshe a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu ne, nan Lyon. Ya rame, amma tsokana na nan. Ya ce gwaji ba ya hana ƙaddara, rage haɗari kawai yake. Sannan ya ce, "Ka yi haƙuri da jira. Ba na son yarinyar nan ta koyi so da rashi a lokaci guda."

Ɗazu na je lakwal, makarantarsu, na gaya wa Zara. Ba ta yi tsalle ba, ni ne nake ta rawar jiki kamar yaro. Ta kalli takalminta, ta ce, "Baba, zai daɗe?"

Na ce in Allah ya yarda zai daɗe, an duba.

Murna ta cika ni, kewa ma haka. Da na bi son raina bara, da ban iya ba ta wannan amsar ba tare da ƙarya ba.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya haskaka makwancinsa, ya duba bayansa kamar yadda Malam ya duba mana tamu ɗiyar. Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Zara. Asabar za mu je ɗauko kwikwiyon, ita za ta riƙe igiyar.