Fuskar Babansa a Shagon Hoto

Mai hoto yana gyara fitila, yana satar kallon mutumin da ya zo ɗaukar hoton fasfo. Zai haura hamsin. Rigarsa ta sha guga, amma maɓalli ɗaya da jan zare aka ɗinke shi, ɗinkin wanda ba shi da mai yi masa. Ya rina gashinsa, furfura kuwa ta leƙo abinta ta gefen kunne.

"Kawu, ɗago haɓa kaɗan. Yawwa."

Da aka nuna masa hoton, sai ya ƙura masa ido.

"Bai yi ba ne? A sake?"

"A'a, ɗana. Babana na gani. Haka yake karkata kafaɗa, shekarar da ya fara mantuwa."

Mai hoto ya sake satar kallonsa. Wataƙila mutumin nan ya daɗe bai tsaya ya kalli kansa ba.

"Wanke mini babba guda ɗaya," in ji mutumin. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ko da yake, bar shi. Duk wanda zai ce mun yi kama ya riga ya rasu."