Akwati Sha Shida

Shekara ashirin da biyu Injiniya yana haɗa kwamfuta a rumfa ta uku daga bakin matakala, a benen masu gyaran waya. Ba injiniya ba ne, sunan ne dai ya bi shi. Bayansa ya ranƙwafa, kuma sai ya ɗora tabarau kan tabarau yake ganin ƙafafun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Teburinsa kuwa sai ka rantse kaji sun yi tono: sukurori a murfin kwalba, matacciyar fanka, buroshin haƙori na share ƙura.

Aikin bai taɓa gajiyar da shi kamar bayani ba. Duk mai neman kwamfutar buga gem tambayarsa ɗaya: "Tana da haifatiredin?"

Sai Injiniya ya cire tabarau ɗaya ya fara karatu. Ya ce a ɗauka furosesa shagon ɗinki ne mai tela takwas. Haifatiredin shi ne a ba kowane tela keke biyu, in aikin wannan keken ya tsaya jiran zare ya juya kan ɗayan. Yana da amfani, musamman ga mai tace bidiyo ko mai buɗe abu goma lokaci guda. Amma tela bai zama biyu ba. Yawancin gem kuwa saurin hannun telan suke so, da kati mai kyau na hoto.

Mai saye ya gyaɗa kai, ya ce bari ya zaga ya dawo. Ina! Rumfar Dogo zai faɗa, maƙwabcin Injiniya, wanda ba ya ɓata yawunsa. Dogo allo kawai yake kunnawa, ya nuna ƙananan akwatunan da ke nuna aikin furosesa, kowane keke da akwatinsa, ya ce, "Ƙirga da kanka, sha shida." Shi ke nan, ciniki ya faɗa.

Matar Injiniya ta sha ce masa, "Kai dai malanta ya kamata ka yi, ga ɗalibai kyauta kana yaye wa Dogo."

Ana nan sai mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ya ajiye tuƙin mota ya ce ɗakin buga gem zai buɗe, kwamfuta biyar. Da wannan ɗakin za su ci su sha, ga Auta da goyo. Injiniya ya zage. Ya zaɓo sabon furosesa mai saurin gaske, tela takwas, babu haifatiredin, ya haɗa ta farko ya kira surukin ya gani.

Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna gaban allo. Gem na tafiya sumul, ko gezau. Amma Injiniya na kallon leɓensa yana motsi. Ƙirga akwatuna yake yi.

"Baba, takwas na gani."

Injiniya ya kawo zancen tela, tun daga zare har keke. Surukin ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya fita, kuma ba ta wajen matakala ya bi ba.

Bayan kwana biyu da hantsi Auta ta zo, ta zauna kan kwalin da ke bakin rumfa. Idonta ya kumbura.

"Baba, cewa yake ka raina shi. Wai don direba ne ka ba shi rabin kaya."

"Rabin kaya? Wanda Dogo ya nuna masa tsohon yayi ne, Auta. Akwatunan ne da yawa, telolin sun tsufa. Kafin shekara gem zai fara sarƙewa, masu wasa su gudu."

"Na yarda da kai. Amma kwana biyu ke nan bai ci abincina ba." Ta gyara goyonta. "Ka ba shi abin da yake so, Baba. Ni ce a gidan."

Ya buɗe baki zai sake bayani, sai ya ji wallahi ya gaji, gajiyar da ba ta baya ba ce. Ya miƙe ya shiga rumfar Dogo da ƙafarsa, ya karɓo tsofaffin furosesa biyar. Dogo ko dariya bai yi ba.

Kwana uku yana haɗa su, a tsanake, waya ɗaya bai bari a karkace ba. Surukin ya zo ya ƙirga, fuskarsa ta washe, ya yi ta godiya. Da za a ɗauka sai ya shafa gefen kwamfutar ya ce, "Baba, ka manta ba ka manna takardar sunan shagonka ba."

Injiniya ya ce, "Ban manta ba."