Inna Saude, Mai Masaukin Ɗalibai a Unguwar Lalle

Kafin rana ta leƙo, Inna Saude ta riga ta share tsakar gida, ta aza tukunyar kunu. Daga nan sai ta bi ɗakunan baƙinta tana buga ƙofa. Kowa da harshen da take tashinsa da shi, amma ba nasa ba. Bayarabe ta gaishe shi da Fulatanci, ɗan Nijar da guntun Turancinta, Bahaushe kuwa da Faransanci. Wanda bai amsa daidai ba, sai ya maimaita kafin ludayi ya shiga hannunsa.

Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya a gidanta na Unguwar Lalle, inda jami'o'i ke sauke ɗaliban aikin gona idan sun zo bincike ƙasar Gobir. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Harsunan nan a hanya ta tsince su, lokacin da take bin mijinta, marigayi Malam Sodangi, fataucin albasa zuwa kasuwannin Nijar. An ɗauke ta ne don ta dafa musu abinci kawai. Sauran aikin ita ta ɗora wa kanta.

Tsofaffin ƙauyen Turba har yau suna ba da labarin farin tamanin da huɗu, shekarar da gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ja baya. A shekarar aka turo mata ɗalibai biyu su auna zurfin rijiyoyin da ke tsakanin Sabon Birni da Isa: Obiageli, 'yar ƙabilar Ibo, da Hamani, Bazabarme daga Yamai. Ita Turanci, shi Faransanci. Mako guda suka yi suna nuna wa juna abu da yatsa.

Inna ta dube su ta ce, "Rijiya guda za ku leƙa, amma ba ku iya ce ma juna sannu? Ba gidana ba, ɗiyana."

Ta fara aikensu kasuwa tare, saƙon kuma da Hausa. Ranar farko aka aike su kanwa suka dawo da kaza, gida ya kwashe da dariya. Bayan la'asar kowa ya ba ɗan'uwansa kalma biyar ta garinsu, ita ma ta karɓi nata rabon. A nan ta san ruwa shi ne mmiri a wajen su Obiageli, hari a wajen su Hamani.

Wata na uku aka sami matsala. Jita-jita ta bazu a Turba cewa igiyar baƙin nan mai ƙarfe a baki ita ke shanye ruwa. Sarkin Noma Lawwali ya hana su kusantar rijiya. Ga shi in ba a auna ta ba, sunan Turba ba zai shiga rahoton rijiyoyin da za a yashe a ƙara wa zurfi ba. Suka dawo jiki a sanyaye, suna roƙon Inna ta je ta yi magana a madadinsu.

Ta ce, "Za ni raka ku, amma ba ni cewa komi. Gobe in kun tai inda babu Saude, wa za shi ara muku baki?"

Ta raka su, ta sami gindin tsamiya ta zauna. Obiageli ta durƙusa gaban Sarkin Noma. Ta gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, ta yi masa jajen fari. Sannan ta ce, "Baba, igiyarmu ba ta shan ruwa. Tambayar rijiya take yi, mu kai amsa inda za a taimaka." Hamani ya ƙara da cewa garinsu ma ƙishirwar nan ce ya baro.

Sarkin Noma ya murmusa. "Wagga ɗiya ai Hausar Gobir taka yi. Wa yak koya maki?"

Ta nuna gindin tsamiya. Shi da kansa ya riƙe musu igiyar. Kafin damina ta zagayo an ƙara wa rijiyar zurfi, mutane da dabbobi suka sha.

Bana gwiwoyi sun ce a huta, Inna ta miƙa makullin masauki ga jikarta Fadima. Ranar walimar da aka shirya mata, Obiageli da Hamani suka zo da furfurarsu, dukansu malaman jami'a, suka zauna kan tabarma suna gardama da Hausar Gobir kan wanda ya fi cin tuwonta.

Inna Saude, ke ce malamar da ba ta da allo. Gadar Gobir, kowa ya taka ki ya haye lafiya. Ɗaruruwa sun shigo gidanki suna tsoron bakin juna, suka fita suna kiran juna ɗan'uwa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya.

Mu kuwa da muka rage, kusan kowane gari akwai baƙon ɗalibi da ke zaune shiru a gefen tabarma. Mu ba shi kalma ɗaya tamu, mu roƙi ɗaya tasa.