Bijimin Kawu Da Ƙarfen Shato

Aikina na fari bayan na fito lakol, wato makaranta, a wani ƙauye ne kusa da Cadawa: ɗora shato, wato tankin ruwa mai ƙafafu, a bisa tsohon dandamalin siminti na bakin rijiya. Ana huda simintin, a hure ƙura sarai, a ɗura wani gam mai ƙarfi, a kafa ƙarafan da za su riƙe ƙafafun shaton.

Shugaban kwamitin rijiyar kuwa kawuna ne, makiyayi, mutum mai taurin kai na bugawa a jarida. Da ya ji kalmar gam sai ya miƙe.

"Gam? Irin na liƙe takalmi? Aradu shanuna ba su sha ƙarƙashin wannan abu!"

In bai yarda ba, babu aiki, ga bazara ta matso. Na buɗe masa littafin ƙa'idojin gini, na karanto zurfin rami, da nisa daga gefe, da yadda zafin rana ke rage ƙarfin gam. Ni kaina sakin layin zafin nan ya sha mini kai, ban gane ko zafin iska ake nufi ko na siminti ba. Na ɗauki mafi muni na yi lissafi, na faɗa masa nauyin da kowane ƙarfe zai ɗauka.

"Shanu nawa ke nan?" in ji shi.

"Kawu, littafin bai san shanu ba."

"To me ya sani?"

Na kafa ƙarfe guda don a gwada ya gani. Bayan gam ya kama, na tafi Maradi aro injin gwaji. Na dawo na tarar da taro ana sowa. Wai kawu ya ɗaure baƙin bijiminsa a jikin ƙarfena, ya aje kwaryar dusa inda bakinsa ba ya kaiwa! Bijimi ya ja har ya durƙusa, ƙarfe ko gezau.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Kawu! Ja zuwa sama littafin yake nufi, bijimi kuwa gefe ya ja."

"To ka jira bijimi mai fiffike, ɗana."

Na yi gwajina duk da haka, ba wanda ya ko tsaya kallo. Kawu ya yarda, amma da sharaɗi: in kafa masa ƙarfe guda a gefen dandamali, na ɗaure dabba.

Shato na nan tsaye. Kawu ya rasu bara, kuma ina kewarsa. Da na je gaisuwa na biya ta rijiya, na tarar da igiyarsa a jikin ƙarfen, da irin ƙullin da shi kaɗai ke yi. Har yau ba wanda ya kwance ta.