Ranar da kwamfuta ta ce ɗa ɗaya na haifa

Shekarun baya, lokacin tagwayena ba su daɗe da fara tafiya ba, muna zaune a Yendi ina koyarwa a wata firamare. Akwai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa kusa da unguwarmu, nan nake kai su. Ina zuwa ina ɗan ɗaga kai, don kuwa manhajar da suke adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta ƙanina ne ya rubuta musu ita bayan ya gama karatu a Tamale. Ko ba a tambaye ni ba sai na faɗa wa nas ɗin.

Cikin damina zazzaɓin sauro ya kama babban. Na kai shi, aka gwada jini, aka ba shi magani, ya fara samun sauƙi. Bai gama warwarewa ba ƙaramin ya kwanta, jikinsa kamar garwashi. Na bar babban wajen maƙwabciyata, na goya ƙaramin, na hau babur zuwa asibiti.

Nas ɗin da na tarar baƙuwa ce, ba ta san mu ba. Ta karɓi lambar wayata da ranar haihuwar yaro, ta duba allo, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce ai yaron nan shekaranjiya aka ba shi maganin zazzaɓi, tunda jikin bai sauka ba ba za ta sake ba shi irinsa ba, sai dai a tura mu babban asibiti. Na ce mata wannan ɗan'uwansa ne, tagwaye ne. Ta juyo allon ta nuna mini, yaro ɗaya ne a ƙarƙashin sunana.

"Madam, abin da na gani ke nan. In na ba shi ya zama sau biyu ya sha, wa zai ɗauki alhakin?"

Ban ga laifinta ba, amma a lokacin ji nake kamar in ɗaga kwamfutar in buga da ƙasa. Yaro yana rawar sanyi a bayana, ni kuma ina rantsuwa cewa biyu na haifa. Da na ga magana ba za ta fisshe ni ba, na kira maƙwabciyata na roƙe ta ta kawo babban. Aka tsayar da su gefe da gefe, ɗaya yana tsotsar lemu, ɗaya ko kansa ba ya iya ɗagawa. Nas ɗin ta ba ni haƙuri, ta gwada jinin ƙaramin, aka fara masa magani nan take. Allah Ya taimaka, kafin ƙarshen mako yana bin ɗan'uwansa da gudu a tsakar gida.

Da aka yi hutu muka tafi Salaga wajen mahaifiyata, ƙanina ma ya zo. Labari ya riga ya kai masa, har ya je ya gyara abin. Ina kallonsa yana kauce wa idona, ni kuma ban so mu ɓata. Na taɓa jin shi da abokansa suna cewa manhaja ta yi "ƙwaro" idan ta ƙi yin abin da ake so, don haka na ɗauko kalmar na miƙa masa. Na ce kada ya damu, na san ƙwaro ne ya shiga, injin ɗan'adam dole wata rana ya yi tuntuɓe. Gaskiya kaina nake nema wa sauƙi, domin fushi da kwamfuta ya fi mini sauƙi a kan fushi da ƙanin da na goya.

Sai ya ƙi karɓa.

"Yaya, ba ƙwaro ba ne. Abin da na ce ta yi shi ta yi."

Ya bayyana mini cewa mai asibitin ya yi ta ƙorafi ana buɗe wa yaro ɗaya fayil uku, saboda yau a rubuta suna haka, gobe wata nas ta rubuta shi daban. Shi ne ya sa manhajar ta daina kula da suna: in uwa ɗaya ce, waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to yaro ɗaya ne, ta haɗe su. Ya ce da ya rubuta daidai ta yi wani abu daban, ko da yatsansa ne ya zame wajen bugawa, sai ya yarda a kira shi ƙwaro. Wannan kuwa tunaninsa ne bai kai ba.

Wani abokinsa da suke aiki tare yana wurin, ya ce shi bai yarda ba. A ganinsa duk abin da ya cutar da mai amfani ƙwaro ne, ko daga ina ya fito, kuma mai asibitin ma da nasa kason tunda shi ya san irin mutanen da ke zuwa masa. Suka yi ta ja har sakwarar da mahaifiyata ta kawo ta huce. Ƙanina ya ce sunan da za a ba abin bai dame shi ba, abin da ke cin sa shi ne ranar suna shi ya riƙe yaran nan, ɗaya a kowane hannu, amma da ya zauna gaban kwamfuta ya manta ana haihuwar tagwaye a duniya. Na tura masa kwanon miya.

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsu ba, ni da ko a waya sai yara sun nuna mini inda zan taɓa. Amma tun daga lokacin, in na je wani wuri aka ce mini "sistem ne ya ƙi", ba na ganin inji. Mutum nake gani a zaune wani wuri, mai yiwuwa mutumin kirki, wanda bai hango irina ba lokacin da yake aikinsa. Hakan ya rage mini fushi, ya kuma sa ba na saurin yarda in aka ce ba laifin kowa ba ne.

Yanzu ƙanina yana Bawku da iyalinsa. Kafin ya miƙa kowane aiki sai ya kira ni ya karanta mini yadda abin zai tafi, ya ce in faɗa masa wa ya manta. Kwanan baya na tambaye shi yadda zai yi da tsohuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba. Sai na ji ya jawo kujera ya zauna.