Dattawan Cikin Rakuba

Da gidan talabijin ɗin da na yi wa aiki a Damazin ya sami sabbin na'urori, sai aka jibge tsofaffin a bayan ofis. Na roƙi guda, akwatin da ke karɓar hoto daga kaset ya raba haske da launi, na kai shi ƙauyenmu kusa da Suki. Da shi nake juye wa mutane tsofaffin bukukuwansu zuwa waya, ina yi ina masifa, don ba mai tunawa da ni sai zafi da ƙura sun gama cinye kaset ɗinsa.

Wata rana bayan azahar ƙawar mahaifiyata ta shigo da kaset ƙunshe a bakin mayafinta. Na bikin sunan autanta ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, bai bar hoto ko ɗaya ba, ita kuma yanar ido tana rufe mata gani. Dattawanmu na wancan zamani ba su yarda da hoto ba. Da mai kyamara ya shigo gida sai su tattara su shige ƙuryar rakuba, rumfar karan nan da ake shan inuwa a cikinta.

"Ɗana, shina ciki," ta ce. "Fuskatai nika son gani tun idon bai ƙare ba."

"Inna, sharit ɗin ga, zaren kaset ɗin, ya ruɓe. In ya wuce sau ɗaya, halas, shi ke nan, ba ya komawa."

"To ya wuce."

Na kunna, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Tsakar gida ta fito tas cikin rana, mata na kai da kawo da farantai. Rakuba kuwa baƙi ƙirin, ɗigo-ɗigo na yawo a gefenta kamar tururuwa. Na murɗa maɓallin tace launi har ɗigon ya kwanta, sannan na kama na matakin baƙi, mai haskaka duhun hoto, ina ɗaga shi a hankali. A wurin aiki an hana mu wuce wani layi, don duk abin da ke cikin haske ƙonewa yake yi. Na wuce shi.

Matan da ke rana suka fara dushewa. Fuskokinsu suka tafi, suka zama fararen abubuwa masu yawo ba ido ba baki. A cikin duhun kuwa rawuna suka ɓullo, sai gemu, sai idanu. Dattawa ne jere a kan tabarma, na san su duka, kuma ba wanda ban raka makabarta ba a cikinsu. Suna zaune suna fuskantar mu. Wallahi na ji tsoro, na ji kamar na ɗaga labulen da ba nawa ba. Na'urar ta fara ƙara, alamar kaset ɗin na tsinkewa.

"Ga shi nan," ta ce, ta ɗora yatsa a kan na ƙarshe.

Shi kaɗai ne ba ya duban kyamara. Idonsa na bin wani farin abu da ke ratsa tsakar gida da tulu a ka. Abin ya yi dama, ya bi shi. Abin ya tsaya, idon ma ya tsaya, har da ɗan murmushi a cikin gemu. Mutumin da duk ƙauye ya sani da kunya, bai taɓa kiran sunan matarsa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta a gaban mutane ba.

"Inna, wa yake kallo haka?"

Hoton ya yage, layuka suka cika gilashin, na'urar ta tsaya. Ba ta janye yatsanta ba.

"Tuluna ne," ta ce a hankali. "Ashe shina kallona."